SAUYIN YANAYI: MANOMIN FUNTUA DA MALUMFASHI BAI MUSA BA, MAI KAWO LABARIN YAKE TUHUMA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi zuwa ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Kusan kowace shekara yanzu, da zarar ruwa ya yi jinkirin sauka, ko ya ɗauke daidai lokacin da masara ta fara goyo, sai tsohuwar gardamar nan ta dawo. Ɗan boko ya ce sauyin yanayi ne, hayaƙin masana'antu ya ɗumama duniya. Wani ya ce a'a, zunubanmu ne, a fita sallar roƙon ruwa. Ɗan adawa ya ce gwamnati ce ta gaza, ɗan gwamnati ya ce ai abin ya shafi duniya ne baki ɗaya. Manomi ya ce makiyaya sun sassare itatuwa, makiyayi ya ce manoma sun cinye daji da burtali. Daga ƙarshe masu shirya bita a otal-otal na Abuja da Kaduna su tattara takardunsu su ce matsalar ita ce mutanen karkara kansu bai waye ba.

Ni ban yarda da wannan ba. Ka je kasuwar Dandume ko ta Bakori, ka sami dattijon da ya yi shekara 50 yana riƙe da fartanya, ka tambaye shi ko damina tana nan yadda ya san ta. Zai lissafa maka rafin da ya ƙafe, da fadamar da yashi ya binne, da irin dawar da ya daina shukawa saboda ruwa ba ya kai ta. Wannan mutumin bai taɓa musun cewa yanayi ya canza ba. Mai kawo masa labarin yake tuhuma. Kuma in muka waiwayi shekara 100 da suka wuce, za mu ga yana da hujja.

Mu fara da auduga. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA don nemo wa injinansu auduga daga ƙasashen da suka mallaka. Da suka zo Arewa, sai idonsu ya faɗa kan ƙasar lakar nan ta kudancin Katsina. Aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Har gobe akwai unguwa a Funtua da ake kira da sunan wannan ƙungiya.

Saƙon da malamin gona ya riƙa kawowa shi ne: ka shuka auduga da wuri, ita kaɗai a gona, da irin da muka ba ka. Shi kuwa manomi sai ya fara shuka geronsa da dawarsa, ya yi noman fari, sai wajen watan Yuli ko bayansa sannan ya juyo kan auduga. Aka yi ta rubuta rahoto cewa mutanen nan suna da taurin kai.

To amma a tuna abin da ke cikin kan mutumin. A 1913 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, mutane suka mutu da yawa a ƙasar Hausa, kuma hakan bai sa Turawa sun yafe haraji yadda ya kamata ba. Aka sake yin wata a 1927, wadda ake ce wa Mai Buhu, aka yi 'Yar Gusau a wajen 1942. Ka ga mutanen da har suna suke raɗa wa yunwa don kada a manta ta, ba su ne za a koya wa cewa sama ba ta da tabbas ba. Wanda ya ga Kakalaba ya san auduga kuɗin haraji ce, ba a tuƙa ta. Sai a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, lokacin da David Norman da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Samaru suka zauna da manoma suka yi lissafi, aka tabbatar da cewa haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya ya fi riba kuma ya fi rage asara in damina ta yi gardama, kuma jinkirta auduga dabara ce ta mai ƙarancin hannu a lokacin da gonar abinci ke neman noma. Wato an kusan shekara 50 ana kiran mutum jahili a kan abin da ya fi mai kiran nasa sani.

Sai maganar hamada. A 1934 wani farfesan gandun daji daga Edinbara mai suna Stebbing ya zagaya ƙasashen nan, ya koma gida ya rubuta a 1935 cewa Sahara tana tahowa kudu, kuma noman mutanenmu da kiwonsu da ƙona dajinsu ne ke jawo ta. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi kan iyakar Najeriya da Nijar tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin ya dawo ya ce bai ga alamar hamada tana cin ƙasa yadda aka zuzuta ba. Amma ina! Tsoron ya riga ya shiga ofis. Aka ci gaba da yanka gandun daji, aka sa dokar cewa wasu itatuwa ba a taɓa su sai da izini ko da a gonarka suke. Tun daga nan, in talaka ya ji ana maganar kare itace, abin da ke faɗo masa a rai shi ne malamin daji da tara. Itacen da za a ci tararka a kansa kuwa, me zai sa ka bar shi ya girma? Gara ka tumɓuke shi tun yana tsiro.

Da aka yi babban farin 1972 da 1973, dabbobi suka mutu, mutanen arewacin Katsina da Nijar suka yi ta gangarowa kudu neman abinci, sai zargin ya dawo da sabuwar riga. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta zama fili fetal, hakan yana rage hadari. Duniya ta karɓa, laifi ya koma kan saniyar Bafulatani da gatarin Bahaushe. Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan bincikenta suka nuna cewa babban abin da ya jawo farin Sahel na shekarun 1970 da 1980 shi ne sauyin ɗumin ruwan tekuna, can nesa da mu. Binciken da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki. Kada a fahimce ni a baibai: sare itatuwa yana ɓata ƙasa, yana kawo zaizaya, yana ƙara zafi a gari. Amma kusan shekara 30 aka yi ana ɗora wa talakanmu laifin farin da ba shi ya kawo ba, kuma ban ji wanda ya dawo ya ba shi haƙuri ba.

Yanzu mu zo kan abin da da yawanmu suka gani da ido ko suka ji daga iyaye. A 1975 aka fara aikin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Su ne na farko a duk Najeriya. Aka yi hanyoyin karkara, aka yi ƙananan madatsun ruwa, aka buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri da magani a ƙauyuka, aka baza malaman gona. A nan akwai darasi biyu.

Na farko, dubi masara. Kafin wannan lokaci masara abar bayan gida ce, a gasa a ci. Da aka kawo iri mai kyau, ga takin zamani da gwamnati ta sauƙaƙa kuɗinsa, ga hanyar da mota za ta shiga ta kwaso, ba a yi wani dogon wa'azi ba. Maƙwabci ya ga buhunan maƙwabcinsa, shekara mai zuwa shi ma ya shuka. Cikin ɗan lokaci yankin nan ya zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan masara na ƙasar nan. Mutumin da aka ce ba ya karɓar sabon abu, ga shi ya sauya abincin gidansa kacokan, domin gani ya kori ji. Amma shawarar a daina haɗa amfani a gona, wadda aikin ya zo da ita, yawancin ƙananan manoma suka saurara suka yi godiya, suka ci gaba da haɗa dawarsu da wake.

Na biyu, siyasa. Malaman gonar aikin sun fi mayar da hankali kan manyan manoma da waɗanda aka yi wa laƙabi da masu ci gaba, kuma a cikinsu akwai masu sarauta da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Da Balarabe Musa na PRP ya hau gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a 1979, lokacin duk yankinmu yana ƙarƙashinta, gwamnatinsa ta fito fili ta soki tsarin, ta ce masu hali yake ƙara wa ƙarfi, ta kuma ƙi yarda da sharuɗɗan bankin na faɗaɗa shi. Majalisar jiha kuwa tana hannun NPN, rikicinsu da gwamna ya yi ta ruruwa kan abubuwa da dama har aka tsige shi a 1981. A tsakanin nan, a 1980, aka buɗe wuta kan manoman da suka yi zanga-zangar neman diyyar gonakinsu a madatsar Bakolori da ke ƙasar Talatar Mafara. Labari ya bazu ko'ina a Arewa. Tun daga wancan zamani maganar noma ta shiga rigar jam'iyya, rabon taki ya zama abin da ake yi da katin jam'iyya a aljihu. Yau in jami'i ya tsaya ya ce ruwan bana zai ɗauke da wuri, kafin a auna maganar sai an fara tambaya: na wa ne shi? Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne da wannan ciwo. A Amurka, da duk jami'o'insu, maganar sauyin yanayi ta zama tutar jam'iyya: Trump ya fitar da ƙasar daga yarjejeniyar Paris ta 2015, Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya dawo ya sake sa hannu kan fita a 2025. Ashe ba ƙarancin boko ne ke sa a ƙi magana ba. In ta fito daga bakin wanda ba ka yarda da shi ba, ko gaskiya ce sai ta yi ɗaci.

To akwai inda aka taɓa tsallake wannan katanga? Akwai, kuma a maƙwabtanmu, Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dashen itatuwa a can suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, kututturan tsoffin itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In ka zaɓi reshe ɗaya ko biyu ka bari, ka datse sauran, cikin 'yan shekaru ka sami itace. Lokacin yunwar 1984, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a lokacin, aka haɗa dabarar da tallafin abinci. Da tallafin ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki, ga ganyen dabbobi, ga gawo yana gyara ƙasa. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Manoman suka ba shi suna da harshensu, sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya.

A duba fa: Bature ne, Kirista, a tsakiyar manoma Musulmi, a shekarar yunwa. Duk wata katanga da ake tsoro tana nan. Abin da ya sa aka ji shi, ya nuna abin da ke cikin gonar mutum tun asali, bai ce a sayi komai ba, kuma amfanin ya zauna a hannun mai gona.

Yau muna da gaskiyar da ya wajaba ta isa kunnen kowane manomi. Ruwan Sahel ya ɗan dawo tun shekarun 1990, amma ya dawo da wani hali: ya yi jinkiri, ya tsaya a tsakiya, sannan ya zubo na sati biyu a dare ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Mun ga ambaliyar Jibiya a 2018, mun ga ta 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya. Zafi yana ƙaruwa. Afirka gaba ɗayanta kuwa ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke jawo wannan. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, har da fassarar Hausa. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021. Takardu dai akwai su. Tambayar ita ce ta bakin wa za su isa Kafur da Ɗanja da Sabuwa, kuma da wace fuska.

Ga abin da nake ganin tarihin nan yake koya mana.

A daina haɗa ƙaddara da kimiyya faɗa. Ɗan bokon da ke yi wa masu fita roƙon ruwa dariya ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin ya yi sallama. Ai manomin da ya fita roƙon ruwa da safe shi ne da yamma yake neman irin masara mai saurin nuna, kuma bai ga wani karo a tsakani ba. Labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, da tanadin hatsin shekarun wadata domin shekarun fari, liman ya san shi, fasto a ƙauyukan Malumfashi da Kafur ma ya san shi. Ga hasashe, ga shiri, ga dogaro ga Allah, duk a labari ɗaya. A 2015 malaman Musulunci sun fitar da sanarwa kan sauyin yanayi a Istanbul, a shekarar kuma Fafaroma Francis ya fitar da tasa wasiƙar. Mun kuma ga yadda rigakafin shan inna ya tsaya a Kano a 2003 saboda rashin yarda, bai kuma miƙe sosai ba sai da sarakuna da malamai suka shigo gaba.

A daina zuwa da zargi hannu rabbana. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta yi tsada, gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Ka je ka ce wa uwar gida ta daina girki da itace ko gawayi, ba ka kawo mata murhu mai rage cin itace ba, Stebbing ka zama, sai dai kai da Hausa kake magana.

A zauna da makiyayi. An yi dokar wuraren kiwo a Arewa tun 1965, amma gonaki sun ci burtali da yawa, noman rani kuma ya shiga fadamun da shanu ke sauka da rani. Makiyayi shi ne ya fi kowa sanin wane tafki ne ya daina kai wa watan Maris. Taron sauyin yanayin da babu Arɗo a ciki rabin taro ne. Amma a yi hattara da lafazi. Mutumin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara da aka kashe wa ɗan'uwa, ko ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe gonarsa, in ka ce masa sauyin yanayi ne ya jawo, zai ji kamar wanke ɓarawo kake yi. Ƙarancin ruwa da ciyawa yana ƙara matsi, gaskiya ne. Amma fari bai taɓa ɗaukar bindiga ba. A kira ta'addanci da sunansa, a kira fari da sunansa.

A faɗi hasashe da gaskiya, kuma a raba shi da siyasa. Hasashe ba wahayi ba ne, yana iya kucewa. In an ce ruwa zai zauna a ƙarshen Mayu bai zauna ba, a dawo gidan rediyon nan a yi bayani, kada a yi shiru. Kuma a bar shi ya bi ta bakin sarkin noma, da mai unguwa, da dillalin hatsi, da mai sayar da iri, mutanen da za a gani gobe a kasuwa a tuhume su. Ranar da aka lanƙaya hoton ɗan takara a jikin takardar hasashen damina, rabin gari ya daina karantawa.

Sannan a fara da tambaya. Manomanmu suna da lissafinsu na taurarin damina da malamai ke bi, suna kallon zuwan shamuwa, suna kallon gawo yana zubar da ganye. Ka tambayi dattijo wace alama ce har yanzu take cika, wace ce ta daina. Daga nan shi da kansa zai kai ka maganar sauyin yanayi, da kalmominsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu 'yan bokon yankin nan, 'ya'yan manoman nan ne, da kuɗin audugarsu da masararsu aka kai mu makaranta. In har saƙon bai shiga ba, kafin mu ce kunnensu ne ya toshe, mu duba waɗanda suka riga mu zuwa da irinsa, da abin da suka bari a baya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo mana ƙarshen wannan rashin tsaro, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya. Amin.